Waya Taka Ce, Amma Abin da ke Cikinta Fa?

Ƙannena, samari da 'yan matan ƙasar Lautai, na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisunmu. Dattawa na cewa waya ce ta lalata yaran zamani: ba sammakon gona, ba tilawa, a aiki yaro ya tafi kansa a sunkuye. Ku kuma kuna cewa dattawan ba su waye ba, alhali in za su tura kuɗi ko su ji farashin riɗi, ku suke miƙo wa wayar. Malamin makaranta na cewa gem ne ya kashe karatu, mai gidan gem na cewa ba don shi ba da yaran suna can bayan gari wurin 'yan shaye-shaye. Kowa da ɗan kason gaskiyarsa. Ni ban zo raba wannan gardama ba, domin a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da nake so mu zauna a kansa shi ne: cikin abin da ke wayar nan, wanne ne naku, wanne ne na aro, kuma me kuke bayarwa kafin a ara muku?

Ku 'ya'yan kasuwa ne, don haka ta kasuwa zan ɓullo muku. Duk wanda ya taɓa shiga kara a Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda ake cinikin sa. Mai saye zai buɗe bakin san ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi daga inda aka kawo shi. Dillali na tsaye, an san la'adarsa, an san wanda za a nema idan magana ta taso daga baya. Ba a cewa "na sallama" sai an san abin da aka bayar da abin da aka karɓa. To, sauke manhaja ma ciniki ne. Duk sanda dogon rubutun nan na Turanci ya fito kuka danna amincewa ba ku karanta ba, kun sallama ke nan. Sai dai a wannan cinikin mai kayan shi ne dillali, shi ne shaida, shi ya rubuta sharuɗɗan, har ya rubuta cewa yana iya sauya su duk ranar da ya ga dama.

Mu fara da gem, tunda shi aka fi zagi. Ba na cikin masu cewa wasa laifi ne. Iyayenku sun yi langa da dara da carafke, kakanninku sun yi kokawa a dandali bayan girbi, kuma su ma sun sha faɗa a kan kaiwa dare. Wanda ya leƙa gidan gem da yamma, janareta na ruri a waje, yara sun cika benci, biyu na fafatawa a PES gaban talabijin, saura na jiran wanda za a ci ya tashi, ya san akwai raha da zumunci a wurin. Kuma cinikin a fili yake. Ka biya kuɗin wasa, ka buga, ka tashi. Mai gidan ya san ribarsa, kai ma ka san abin da ya fita daga aljihunka.

Gem ɗin waya ne ke da lauje cikin naɗi. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, kuma duk kyauta ake sauke su. Amma kamfani ba gidan sadaka ba ne. Ribarsa tana cikin dayamon da UC da CP, kuɗin cikin wasa da kuke saya da naira ta gaske don a ɗinka wa ɗan wasanku sabuwar riga ko a yi wa bindigarsa ado. An tsara komai don ku dawo gobe: tukuicin shiga kullum da ke wuce ka idan ka yi fashi, matsayin da ake rage maka idan sabon zango ya kama, tayin da aka liƙa wa agogo yana ƙirga daƙiƙa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, a kansa suke karɓar albashi: nazarin abin da zai hana ka ajiye waya. Sai kuma akwatin sa'a, wanda za ka biya ka juya ba ka san abin da zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta binciki irin waɗannan akwatuna a wasu manyan wasanni, ta ce a dokarta caca ce. Ku da kuka taso a gidajen da ko kartar kuɗi ba a yarda da ita ba, ba sai an aiko muku da fatawa daga Turai ba. Yaron da ya saba da bugun zuciyar juya akwati, ba shi da nisa da manhajar cacar ƙwallo.

Bayan duk wannan kashe kuɗi, asusun ma ba naka ba ne. A sharuɗɗan kamfanonin an rubuta cewa izinin amfani aka ba ka, mallaka tana hannunsu. A Satumban 2020 gwamnatin Indiya ta haramta PUBG Mobile, a Fabrairun 2022 ta haramta Free Fire, masu asusu suka wayi gari abin da suka tara ya yi musu nisa. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasan tseren mota mai suna The Crew, wanda mutane ke saye da kuɗinsu tun 2014. Ko faifan yana hannunka ba zai ƙara tashi ba. Abin ya fusata 'yan wasa har suka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya suna neman Tarayyar Turai ta yi doka a kai. Zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa asusun gem jari ne. Wanda ya sayar maka da shi yau yana iya ƙwace abinsa gobe da imel ɗin da ya buɗe shi, kuma ba inda za ka kai kuka, domin kamfanin da kansa ya hana cinikin.

Kun tuna dangwalen 2024? Bayan Notcoin ya ba wasu 'yan kuɗi a watan Mayu, sai kowa ya faɗa Hamster Kombat. A bakin shago, a cikin mota, a zauren ɗaurin aure, yatsu na ta bugun gilashi ana jiran ranar da za ta fashe. Ta fashe ranar 26 ga Satumba, kuma abin da akasarin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da data da caji da barcin da suka tafi. Su kuwa masu wasan sun riga sun ci kasuwarsu, domin idanunku da kuka kafa wa bidiyoyinsu da abokan da kuka gayyato musu su ne hajar da ake sayar wa masu talla. Kafin nan an yi MMM a 2016, bayan nan aka yi CBEX a Afrilun 2025, waɗanda su kuɗi tsaba suka kwashe. Sunan ne ke sauyawa, amma alkawarin ɗaya ne: arziki ba gumi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To yaushe wasa ke zama cuta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, kuma ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kamawa. Alamomin da ta lissafa uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa uku a mako tun 2021. Mu nan ba mai ƙirga muku awa, sai ku zama hukumar kanku. Ma'aunin mai sauƙi ne. In ana kiran salla kana cewa "bari a gama wannan", in Inna ta aike ka kana jin haushi, in kuɗin makaranta ya fara komawa dayamon, in asuba na riskar ka ido biyu, to wasan ya fara buga ka.

Wancan na aro ke nan. Yanzu mu zo ga abin da yake naku na gaske, wanda kuma shi kuka fi wofintarwa. Na farko layinka. Tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, layi ya zama sunanka da fuskarka da zanen yatsunka. A garuruwan bakin iyaka irin namu, inda baƙi ke shiga da fita kowane mako, ba wuya wani ya ce, "Don Allah ɗan'uwa yi mini rajistar layi da katinka, ga na goro." Kada ka yarda, ko da kunya za ta kashe ka. Idan aka nemi kuɗin fansa ko aka yi damfara da layin nan, ƙofar gidanku za a fara ƙwanƙwasawa. Haka masu zuwa da sunan tallafi suna karɓar NIN da BVN suna ɗaukar hoton fuska su ba da 'yan dubbai. Asusun banki ake buɗewa da sunanka, a wuce da kuɗin haram ta ciki.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kusan kowa ya koma transfa da mai POS, har dattijon da bai taɓa shiga banki ba. Ɓarayi ma sun biyo sawu, kuma da Hausa tsantsa suke kira, da sallama da ladabi: "Daga banki ne, za a rufe asusunka, karanto mana lambar da muka turo." Lambar nan mabuɗin asusunka ce, kuma banki ba ya tambayar ta. Ku da kuke taya iyaye ciniki, kada saƙon alat ya ishe ku hujja. Ku shiga manhajar bankin ku ga kuɗin ya zauna kafin a ɗora buhu a mota.

Ku dubi shagon caji kuma. Allo ne cike da soket, wayoyi jere an manna wa kowacce lamba, kai kuma an ba ka 'yar takarda ka tafi harkarka. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma shago ba ya rasa yaran shago da abokan hira. Wayar da ba kulle, layin da ba lambar sirri, a cikin 'yan mintuna ake zare shi a sa a wata waya a gwada lambobin banki. Haka wurin mai gyara da wurin mai tura fina-finai da waƙoƙi. Kafin ka miƙa waya ka cire layi da memori in da hali, ko ka tsaya a kanta. Ke kuma ƙanwata, hoton da kika ɗauka a ɗakinki kika goge, sau da yawa yana nan a wani lungu na wayar. Kada ki aiki yaro da ita wurin gyara a buɗe.

Manhajojin bashi su ma da ƙofar neman izini suke shigowa. Kafin su ba ka 'yan dubbai sai sun nemi ka buɗe musu lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara, kawunka da malaminka da surukinka za su sami saƙon cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022. Ka lura kuma, lambobin nan da ka miƙa ba naka ba ne. Amanar mutane ce ka jinginar ba da saninsu ba.

Kada ku ɗauka ba ku da gata. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da maganarsa ta waya, sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayi. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, aka kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashin dokar kana da ikon tambayar kamfani me ya tara a kanka da abin da yake yi da shi, ka sa ya gyara kuskure, ka janye amincewarka, ka nemi ya goge, in ya ƙi ka kai ƙara hukumar. Kuma dokokin nan suna da haƙori: a Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. A ƙaramin mataki ma, idan kamfanin layi ya yanke maka kuɗi babu dalili kuma ya ƙi sauraron ka, lambar 622 ta hukumar NCC kyauta ce. Idan saƙonnin talla sun dame ka, ka tura STOP zuwa 2442. Tunda aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace naira ta cancanci a bi kadinta.

Dandalin da kuke magana a kansa ma ana iya rufe shi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, sai daga baya kotun ECOWAS ta yanke cewa matakin ya saɓa doka, kuma ta yi hakan ne don wasu sun san haƙƙinsu sun shigar da ƙara. A Satumban 2021 aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Mutanen Maigatari da suka ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da rufe hanya ke yi wa mai nema. Don haka ke mai sayar da turaren wuta ko atamfa a WhatsApp, da kai mai dillancin zoɓo a Facebook, ku rubuta lambobin abokan cinikinku da bashin da kuke bi a littafi. Shafi na iya tafiya da mabiyansa a dare ɗaya.

Sai harshe. A Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter watanni kafin nan a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar a farkon Disamba. A watan Nuwamban dai wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30 kan bidiyon da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin, Ganduje. Ra'ayina shi ne bai kamata suka ta kai ɗan ƙasa gidan yari ba, kuma gyaran da aka yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet a 2024 ya biyo bayan irin wannan koke ne. Ku tambayi shugabanni ina rijiyar, ina maganin asibitin, ina malaman. Haƙƙinku ne, kada wani ya tsorata ku. Amma ku riƙe hujja, ku soki aiki, ku bar zagin iyaye da ƙazafi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Haƙƙin da kuke nema wa kanku, wasu ma suna bin ku irinsa. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya a Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawanmu mun ga abin da ya riƙa yawo a wayoyi. Kowace gawa a hotunan nan tana da uwa, wata ma a waya ta fara gani. Kafin ka tura hoton mamaci, ko na mai taɓin hankali, ko na yarinyar da aka kama da laifi, ko muryar da aka naɗa a ɓoye, ka tambayi kanka ko za ka so a yi wa ɗan gidanku haka. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane tun kafin a ƙera waya. Kai saurayi, hoton da budurwa ta turo maka amana ce, ko kun rabu. Ke kuma, idan wani ya yi miki barazana da hoto, kada ki biya shi kuma kada ki yi shiru. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa babba a gida, a kai magana wurin hukuma. Shi ne mai laifi a gaban doka, kuma shirunki ne kaɗai jarinsa.

Wanda gem ya burge shi, ya sani mutane ne irinsa suka zauna suka zana shi suka rubuta shi. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, kuma a 2019 aka naɗa ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban hukumar NITDA. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT na koyar da sana'o'in fasaha. Ba sai kowa ya zama mai rubuta manhaja ba. Kasuwar riɗi da zoɓo da dabbobi tana bukatar mai iya lissafi a kwamfuta, ƙauyukanmu na bukatar mai haɗa sola da mai gyaran waya na amana. Awa ɗaya cikin awannin da ake ba gem ta isa a fara.

Kafin ku kwanta yau, ku sa wa layinku lambar sirri, ku kunna kariya ta biyu a WhatsApp, ku shiga saitin waya ku ƙwace izinin lambobi da hotuna daga duk manhajar da ba ta da hurumi da su. Gobe ku yi wa Baba da Inna haka a tasu wayar, ku kuma gaya musu kada su karanta wa kowa lambar da banki ya turo. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare mutuncinku da dukiyarku, Ya sa ku fi mu sanin zamaninku. Amin.